Karan Awon Ba Ajimi

Asabar, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Yau na buɗe kwalayen. Sarba uku, sababbi fil, har ƙamshin kamfani suke. Kellu ta tambaye ni wai mece ce sarba, na ce mata rumbu ne, sai dai maimakon hatsi sunayen mutane ake zubawa. Ta ce to Allah ya sa rumbun ya yi albarka. Shekara ashirin da huɗu muna tare, har yau a wurinta mai gyaran rediyo take aure.

Duk Diffa ni kaɗai Madam Bushra ta kira. Ita ce shugabar buro, ofishin ƙungiyar agajin nan mai rajistar ƴan gudun hijira. Injiniyansu na Yamai an hana shi tahowa, sai ta ce, "Mushe Abbakar, an ce babu ƙarfen da ya taɓa gagararka." Mushe shi ne malam a bakin ƴan Faransa. Ban musa ba, don gaskiya ce. Na bar kwaleji a aji uku, na fara da rediyo a gindin dogonyaron bakin tasha, na koma salula, na koma ordinata, wato kwamfuta, ba wanda ya koya mini ko riƙon turnabis na kwance sukuru. Yau ga masu digiri suna jiran hannuna.

Tun jiya motoci ke shigowa daga gabas, mutane har kan rufi. Ban fita kallo ba, ina da aiki.

Wayar Tumur ba ta shiga. Rezo ne, matsalar layi.

Lahadi, 5 ga Yuni, da safe

Ba ta shiga. Kellu ta gwada sau tara, na ce ta bari kar batir ya ƙare.

Litinin, 6 ga Yuni, azahar

An tashi da azumi, ni kuma na tashi da matsala, ƙarama dai.

Armuwar ɗin da za a jera sarbobin a ciki, wato kabad ɗin ƙarfe mai ƙofa gaba da baya, ba tasu ba ce. Tasu tana Damagaram, babu direban da ke yarda ya ɗauko kaya yanzu. Wadda ke ɗakin tsohuwa ce, wani kamfanin waya ya bari. Ramukan ginshiƙanta zagayayyu ne masu zare, su kuwa ƙarafan zamiyar da suka zo da sarbobin ƙugiyoyinsu masu kusurwa huɗu ne. Ko da lallashi ba sa shiga.

Na ce wa Madam a ɗora su kan tebur kawai, yau-yau in kunna. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Mushe Abbakar, ka san abin da zai shiga cikinsu? Suna, ƙauye, zanen yatsa, da inda mutum ya kwana jiya. Na mutanen da wasu ke nema da bindiga. Yamai ba za su turo mabuɗin kunnawa ba sai sun ga hoto, kowace a ɗaure, ƙofa a kulle. Ni ma da ni ce, ba zan turo ba."

Matar nan ba ta ɗaga murya, amma idan ta gama magana ba ka da ta cewa. Ma'aikatanta suna bakin kwalta da sansanin Sayam da tablet goma sha biyu, kowace tablet sunayen da ta rubuta kaɗai ta sani. Sai sarba ta tashi za a haɗa su wuri guda, mai neman nasa ya yi tambaya sau ɗaya. Yanzu uwa na nan, ɗa na can, kowa an rubuta shi, ba wanda ya san da wani.

Ban ce mata komai a kan ta Tumur ba. Ɗiyar fari ce, tun ranar suna ban taɓa kama sunanta a bakina ba, haka ubana ya yi da ni har ya koma ga Allah. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", tunda aka kai ta gidan Sha'ibu mai tattasai kuma ta zama "ta Tumur". Yaronsu wata bakwai. Buro daban, gida daban.

Na ce wa Madam kwana biyu. Zan ajiye ƙarafan zamiyar, in yanko korniya, ƙarfen nan mai kusurwa, in ɗaure a ginshiƙai, sarba ta zauna a kai kamar tukunya kan murhu.

Laraba, 8 ga Yuni, bayan buɗa baki

Armuwar nan ba ta da kirki.

Na auna rami, mili biyar. Na sayo bis, wato sukuru, mili biyar. Ya shiga zagaye biyu, ya cije. Na ce tsatsa ce, na ɗiga mai, na ƙara ƙarfi. Ya juya, ya juya, sai ya saki gaba ɗaya, zaren ya mutu. Na koma wani ramin, haka. Wani ramin, haka.

Korniyar ma na auna tsakanin rami da rami, mili goma sha shida, na huda kunnuwanta huɗu-huɗu a jere, tsaf, ko masana'anta sai haka. Na kara a ginshiƙi, uku sun dace, na huɗu ya kauce. Na matsa sama, biyu sun dace, biyu sun kauce. Wanda ya ƙera armuwar nan barci yake ji.

Ba ta shiga. Ta Sha'ibu ma.

Alhamis, 9 ga Yuni, hantsi

An ce Tumur babu kowa. An ce kuma da mutane. An ce dai.

Asabar, 11 ga Yuni, da safe

Kellu ba ta yi sahur ba. Ta ce in bar ƙarfen nan in tafi in nema, ƙarfe ba ya gudu. Jiya bayan Juma'a na shiga motar masu kai ruwa na bi kwalta gabas.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Hagu da dama bukkoki, zani a kan ƙaya, zani a kan ƙaya, har inda ido ya tsaya. Na sauka wuri uku. Ina tambaya, kun ga matar Sha'ibu mai tattasai? Sha'ibu nawa ne a kogin nan, tattasai kuwa wa ba ya nomawa?

Wata tsohuwa tana tankaɗe, ta ce, "Ita yarinyar ba ta da suna ne?"

Na ce, "Matar Sha'ibu."

Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na dawo da magariba. Na ce wa Kellu an ga masu kama da su. Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Litinin, 13 ga Yuni, azahar

Madam ta leƙo ɗakin, ta dubi sarbobin a ƙasa kan kwali, ta dubi ginshiƙan. Ba ta ce kwana biyuna sun zama bakwai ba. Ta ce, "Akwai mata talatin a ƙofa tun asuba, tambaya guda suke yi." Ta fita. Gara zagi.

Ba ta shiga.

Talata, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Ranar kasuwa. A bayan armuwar na samu bis guda ɗaya na asali, wanda ke riƙe da wayar ƙasa, na kwance shi na tafi neman irinsa wurin masu tsofaffin ƙarafa. Rumfa biyar, kowa ya duba ya ce mili biyar ne, ga shi. Irin wanda na riga na saya.

Can ƙarshen layi akwai wani dattijo zaune kan buhu, gabansa gwangwanaye cike da kusoshi, bayansa injinan ban-ruwa huɗu a kife, tunda hukuma ta hana cinikin tattasai ba mai zuwa karɓa. Ba Ajimi ake ce masa. Mutumin Damasak ne, can ƙetaren iyaka, shekara ɗaya da rabi ke nan da ya hayo kogi. Hausarsa ta Barebari ce, a hankali, kamar yana auna kowace kalma kafin ya sayar.

Ya karɓi bis ɗin biyu, nawa da na asali. Bai nemi metir ɗin awo ba. Ya bi zaren da farcen babban yatsa, sannan ya haɗa su ciki da ciki ya ɗaga sama wajen rana.

"Duba nan, ɗana. Ka ga haske tsakani?"

Na gani. Haƙoran farko sun kama juna, daga nan suka fara rabuwa.

"Wannan ɗan ƙasarku ne, mili. Wannan ɗan inci ne. Kamarsu ɗaya, kamar Bature da Bature, amma ba sa jin yaren juna. Kai wane aiki kake?"

Na ce injiniyan ordinata.

"To Injiniya, sukuru idan ya cije magana yake maka. Rami nawa ka kashe?"

Na ce biyu.

Ya ce, "Biyu." Ya ci gaba da kallona.

Na ce shida.

Ya yi dariya har ya riƙe gemu, amma ba dariyar wulaƙanci ba, irin ta wanda ya ga tsohon abokinsa. Ya ce shekara arba'in injinan ban-ruwa ke haye Komadugu, na can su zo nan, na nan su je can, wanda bai san zare biyu ba ba ya cin tuwo a bakin kogin nan. Ya ce ku ƴan Faransa kuna tsammani duniya duka da mili aka auna ta. Na ce ku ƴan Ingila kuma ko awo sai kun raba shi gida takwas kamar rabon gado. Ya ce shi ya sa namu ke daɗewa.

Irin bis ɗin, guda uku kaɗai ya samu a gwangwanayensa. Ina buƙatar arba'in da takwas. Ya ce in kai shi ya ga armuwar.

Shekara ashirin da shida ina sana'a ban taɓa kai wani ya duba mini aiki ba. Na ce gobe da safe.

Laraba, 15 ga Yuni, azahar

Mai gadi ya so ya hana shi shiga saboda buhun kayan aikinsa. Madam da kanta ta fito, ta gaishe shi da Barbarci, ta durƙusa kaɗan. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin sarba kamar zai shiga masallaci. Ya ce sanyin nan da azumi, ai ku kuna cin riba.

Kara ya zo da shi, na bakin kogi, miƙaƙƙe, tsawon kamu biyu. Ya shafa baƙin tukunya da ɗan mai a fuskar ginshiƙi, ya fere gefen karan, ya manna, ya ɗaga. Ramukan duka suka fito a jikin karan, farare cikin baƙi. Ya miƙo mini.

"Karanta, Injiniya, kai ka yi lakkol."

Na duba. Tazarar ba ɗaya ba ce. Biyu masu faɗi, ɗaya matsattsiya, biyu masu faɗi, ɗaya matsattsiya, tun daga ƙasa har sama, babu kuskure ko guda. Wanda ya ƙera armuwar ba barci yake ji ba. Na farko da na biyu kaɗai na auna, na ɗauka sauran haka suke.

Na ce metir ɗin nan nawa ya cuce ni.

"Metir bai yi ƙarya ba. Tambaya ɗaya ka yi masa, ya ba ka amsa ɗaya."

Na rubuta wannan don kar in manta. A littattafan da na haddace ban taɓa cin karo da magana irinta ba.

Shawararsa: tunda bis ɗin inci babu su a Diffa, a mai da ramukan ƴan ƙasa. A buɗa waɗanda muke buƙata kaɗan, a yanka musu sabon zare na mili shida, wanda ko mai shago a unguwa yana da shi. Har shidan da na kashe za su tashi. Na ce ai abin yankan zare ne babu, na neme shi tun makon jiya. Ya ce, "Akwai bulon, akwai magagari, akwai gawayi."

Ba ta shiga. Na daina gaya wa Kellu, ita ma ta daina tambaya.

Juma'a, 17 ga Yuni, kafin masallaci

Jiya na ga aiki.

A bayan buro ya haƙa ɗan rami ya hura gawayi. Ya zaɓi bulon guda, babban sukuru, daga gwangwani, ya buga shi a dutse ya saurari ƙararsa, ya jefar, ya ɗauki wani, sai na huɗu ya yarda da shi. Ya goge bakinsa ya ɗan tsuke, ya yanka masa kwari uku a tsaye da magagari. Ya gasa shi har ya yi ja kamar tattasai, ya birkima shi cikin garin ƙaho, ya sake gasawa, ya tsoma a ruwa. Duk wannan da azumi, rana a tsakar ka, mutum ya haura sittin da biyar. Ko tsaki bai yi ba.

Da muka shiga ciki ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasan armuwar, ya sa na lulluɓe sarbobin, wai garin ƙarfe maƙiyin wuta ne. Ni ya kamata in faɗi haka. Sannan ya fara: rabin zagaye gaba, kwata baya, rabi gaba, kwata baya. Ya ce komawa bayan nan shi ne aikin, nan ƙarfe ke tofar da abin da ya tauna. Wanda ba ya komawa baya, karyewa yake.

Ni ke riƙe da kwalbar mai. Ni Abbakar. Ina ɗigawa idan ya ce ɗiga.

Rami goma sha tara jiya. A na ashirin ya miƙo mini ya ce gwada. Hannuna ya so ya yi sauri, ya dafa wuyan hannun da yatsa biyu. Bis ya shiga da yatsu kawai, ba turnabis, sumul kamar cikin man shanu.

Asabar, 18 ga Yuni, bayan buɗa baki

Na kawo shi gida shan ruwa. Kellu ta yi kunun tsamiya da ƙosai, rabonta da hura wuta da rai tun farkon wata. Suka kama Barbarci, ni ina tsintar rabi. Ya san ƙauyen kakanninta, har injin kawunta ya taɓa gyarawa, ya ce mutumin kirki amma ba ya canza mai.

Na ce masa maganar ladan aikinsa, ya ɗaga hannu.

"Abu ɗaya nake so. Rumbun nan naku idan ya tashi, a tambaye shi Tahir Ajimi."

Ɗansa ne. Ranar da suka hayo, sun kai bakin ruwa, Tahir ya ce ya manta akwatin kayan aiki, yana zuwa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban ƙara tambaya ba.

Kellu ta ce, a hankali, "Ba, na nawa ne?"

"Na fari. Shekara talatin da ɗaya ban kira shi ba. Kai, zo. Kai, miƙo sifana. Yanzu duk wanda na gani sai na faɗa masa, Tahir, Tahir Ajimi, dogo, da tabo a gira. Kunya ta gidan da kowa ke ciki ce, ɗiyata. Idan mutum ya ɓata, da suna ake nemansa."

Kellu ta dube ni. Na tashi na ce zan duba ko an kawo wuta.

Lahadi, 19 ga Yuni, hantsi

Korniya shida, da kara muka huda su, ba da metir ba. Kowane rami ya faɗa kan ɗan'uwansa.

Litinin, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Mu huɗu muka ɗaga kowace sarba, da mai gadi da direba. Suka zauna daram. Na ɗaure fuskokinsu, na jera wayoyi yadda na iya, kuma a nan dai ba wanda zai koya mini, Ba Ajimi da kansa ya ce kamar kitson amarya. Na rufe ƙofar gaba. Na zagaya na tura ta baya.

Ta ƙi. Yatsa biyu ya rage. Sarbobin sun fi cikin armuwar tsawo, kawunan wayoyin wuta suna tokare ƙofar.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon zaman ba. Na ce a kawo abin yanka in fasa ƙofar, wayoyi su leƙo. Madam ta ce ƙofar da aka fasa ba ƙofa ba ce, hannu zai shiga. Na ce to a cire ta mana, wa zai gani a hoto? Na faɗa da ƙarfi, gaban mai gadi. Ta ce, "Ni zan gani." Sannan ta ce, "Mushe Abbakar, wa kake nema?"

Na ce ba kowa.

Ba Ajimi yana ta ƙwanƙwasa ƙofar da ƙumba, sama da ƙasa. Ya ce, "Wannan ai kwano ne da ba a gama ba. Mace idan ciki ya girma ba a yanka zani, sassautawa ake. A ciro mini ita, a samo buhun yashi."

Talata, 21 ga Yuni, azahar

Bai je kasuwa ba yau. Tun sallar asuba yake bayan buro, ƙofar a kwance kan buhun yashi, guduma ya naɗe ta da tsumma. Daga tsakiya ya fara, yana zagayawa waje, bugu ƙanana, ɗaruruwa, bai taɓa gefen da makulli da ƴan maƙalai suke ba. Yana yi yana karawa da karan nan a gicciye, yana duba zurfi da yatsu. Da ya kai uku ya tsaya, ya ce biyu na waya, ɗaya na iska.

Muka mayar. Na tura da yatsa ɗaya. Ƙyas.

Armuwar ta yi ciki, wata shida zuwa bakwai in ji direba. Madam ta murɗa makulli, ta ja, ta sake ja, ta ɗauki hoto gaba da baya. Ta juya ta ce wa Ba Ajimi wata magana da Barbarci, ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Ina da takardar manni mai sunan shagona, duk aikin da na gama sai na liƙa. Tana aljihuna. Na taɓa ta sau biyu, na bar ta.

Laraba, 22 ga Yuni, bayan la'asar

Yamai sun turo. Injiniyan ya tambaya a waya wane kamfani ya yi mana korniyar. Na ce kamfanin Damasak ne, reshen kasuwar Talata.

Fitilu kore duka uku. Tablet takwas sun juye sunayensu cikin sarba, na Sayam huɗu sai gobe.

Alhamis, 23 ga Yuni, hantsi

Matan ƙofa aka fara shigarwa, bi da bi. Na tsaya a ɗakin sarba ina duba zafi, alhali zafin lafiya lau yake. Ina jin wata ta yi guɗa, wata ta fita ba magana.

Da layi ya ragu na je na tsaya gaban teburin Madam. Ta ɗora yatsu kan madannai.

Na ce, "Matar Sha'ibu, daga Tumur."

Ta buga. Sha'ibu sittin da ɗaya, na Tumur tara, babu namu. Ta ce, "Da sunanta aka rubuta ta, Mushe Abbakar. Ba na iya nema da na wani."

Ba Ajimi yana kan benci a bayana, yana jiran nasa. Sandarsa na ji ya ƙwanƙwasa a ƙasa sau ɗaya.

Na ce, "Fanna."

Bakina kamar ba nawa ba. Ni na zaɓi sunan, na uwar Kellu ne, ni na raɗa wa liman a kunne, tun ranar ban sake ba.

"Fanna Abbakar."

Kijandi, bakin kwalta, an rubuta ta ran goma ga wata. Ranar da na je. Wuri na biyu da na sauka. Hoton ya fito, ta rame, yaron a kafaɗa yana cin gefen mayafinta.

Mutanen gida: biyu. Mai gida: ita.

Na tambayi Madam ko tablet na kuskuren ƙidaya. Ta ce wani lokaci. Ba ta dube ni ba.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Na Sayam sun juye. Tahir arba'in da huɗu, Ba Ajimi ya duba hoton kowane, ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Da aka gama ya ce, "Kullum ana ƙara sunaye?" Madam ta ce kullum. Ya ce, "To rumbun kirki ne." Ya shiga ɗakin sarba, ya cire takalmi, ya bi bis ɗin duka da turnabis, kowane ya ƙara masa ɗan kwata. Ya ce ƙarfe sabo yana zama, bayan mako a sake.

Sannan ya kama hannuna ya ce Allah ya sa ka same su lafiya, ka gaida Fanna.

Asabar, 25 ga Yuni, bayan buɗa baki

Suna gida. Yaron ya fara rarrafe a can, cikin yashi. Ba ta yi maganar Sha'ibu ba, ba mu tambaya ba. Ta ce ta ga motar ruwa ranar Juma'ar nan, ta ga wani mai kama da ni daga nesa, amma ba ta ji an kira ta ba.

Ɗazu na ce, "Fanna, miƙo mini buta." Ludayi ya faɗi daga hannun Kellu. Ita kuwa ta tsaya tana waige-waige, ta ɗauka wani baƙo ne ya shigo.

Litinin, 27 ga Yuni, da safe

Armuwar ta Damagaram ta iso jiya, mai ramuka masu kusurwa, komai nata daidai. Madam ta ce a bar ta cikin kwalinta, ba mai taɓa mai cikin nan.

Karan na ɗaure shi a cikin ƙofar baya, inda ta yi zurfi, akwai wuri. Na rubuta a jikinsa: Awon Ba Ajimi, biyu faɗi, ɗaya matsi. Duk injiniyan da zai zo bayana ya karanta kafin ya ɗauki metir.

Yau motar buro za ta Sayam, wata tablet ta ƙi caji, zan bi su. Madam ta ce akwai waɗanda ba su yarda a rubuta su, suna tsoro. Su rumbu bai san su ba. Idan na gama gyaran zan bi layukan tantuna da ƙafa. Tahir Ajimi, dogo, da tabo a gira. Sha'ibu na Tumur, mijin Fanna. Muryata tana da ƙarfi, shekara shida na yi ina kiran masu rediyo a bakin tasha.